Na Koma Delhi Neman Naman Jikina

Sau biyu na taka ƙasar Indiya. Zuwan farko lafiya na je nema. A zuwa na biyu kuwa wata 'yar kwalba na je nema, da mutumin da ya raba ni da ita, wani ɗan Bunkure mai suna Sabi'u. Wanda ya ɗauki labarin nan yana jiran inda zan ce na yafe, gara ya ajiye tun yanzu ya kama wani aikin.

Sunana Ado, manomi ne ni a ƙasar Kura, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, a bakin kanal. Na haura sittin lokacin da fitsari ya fara yi mini gardama. Wani likita a Kano, Dakta Auwal, ya tsakuri ɗan nama ya auna, ya ce sankara ce. Ba a mafitsarar kanta take ba, a wata tsoka ce mai girman goro da ke ƙarƙashinta, wadda maza kaɗai ke da ita. Ya ce idan an cire ta da wuri akwai fata mai kyau, sai dai layin masu jiran aiki a wurinsu dogo ne. Ana cikin haka Alhaji Ɗanjuma na Madobi, abokin cinikina na albasa, ya ja ni gefe a kasuwa ya raɗa mini cewa shi ma an yi masa irin wannan aiki a Indiya, kuma alhamdulillahi. Shi ya ba ni lambar Sabi'u, ɗan Malam Tanimu mai awon shinkafa a kasuwar Bunkure, wanda ya tafi karatu can ya zauna yana yi wa marasa lafiya tafinta.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin biza da bankwana ba. Ku ɗauka kawai ga ni a filin jirgin Delhi ni kaɗai, don Sabi'u ya ce kada in wahalar da kowa, shi ne ɗana shi ne ɗan jinyata. Cikin wannan tururuwar mutane na hango shi da farin kaftani da hula zanna. Ya zube har ƙasa.

"Baba, sannu da hanya. Ya mutanen gida? An sako ruwa a kanal kuwa, ko har yanzu ana ta yasa?"

Ku ji fa. A ƙasar da ba wanda ya san ko Kura gari ce ko dabba, ga wani yana tambaya ta ruwan kanal. Nan take na miƙa masa jakata, na haɗa da hankalina duka.

Masaukinsa wani bene ne a cikin wani lungu da wayoyin lantarki suka cukurkuɗe samansa har ba a ganin rana. Tun daga matakala ƙamshin daddawa ya tare ni, na ji kamar in yi kuka. Akwai dattawa a ciki, duk 'yan wajenmu, kowa da ɗakinsa. Muna haɗuwa a tabarma ɗaya mu ci tuwo, mu yi hirar tsutsar tumatir da tsadar taki, amma ka tambayi mutum abin da ya kawo shi, sai ya ce ɗan ciwon ciki ne. Ni ma da aka tambaye ni, ɗan ciwon cikin na ce. Wane dattijo ne zai zauna cikin mutane ya ce ga inda ke damunsa?

Tun ina gida Sabi'u ya turo mini hoton wani asibiti, gini na gilashi har sama. Ranar da za mu ga likita muka shiga keke mai ƙafa uku, muka bi ta gaban wannan gini, muka wuce. Na taɓa Sabi'u na ce an wuce fa.

"Reshensu za mu, Baba. Can sai ka shekara kana bin layi. Ai likitan ɗaya ne."

Reshen wani ɗan gida ne a bayan shagunan masu gyaran waya. Turancina na firamare ne, na Indiyawa kuma gudu yake kamar an biyo shi. Likita zai yi magana doguwa yana zane a takarda, in juya in kalli Sabi'u, ya ce, "Ya ce ba komai, Baba." Na yi mamakin yadda harshenmu ya fi nasu taƙaita zance haka. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana, ni kuwa ban san ni ne garin ba.

Aka yi aiki. Na farka da robar fitsari a jikina da wata azaba da ban taɓa jin irinta ba. Kada in ci amanar wadda ta kyauta mini a wurin: wata mata mai shara, mai jan ɗigo a goshi, ta gan ni ina laluben bango zan yi taimama hannuna bai kai ba. Washegari sai ga ta da ɗan dutse mai sulɓi, ta wanke shi tas, ta ajiye mini a gefen matashi. Ba addininmu ɗaya ba, ba ma jin maganar juna, ban ko san sunanta ba.

A wannan gado Sabi'u ya same ni. Ya rufo ƙofa a hankali, ya zaro wata kwalbar roba daga cikin leda. A ciki ga tsoka tana iyo cikin wani ruwan magani, a jikin kwalbar an liƙa 'yar takarda mai sunana.

"Baba, da ƙyar na ƙwato maka. Ka san mutanen nan, gawar iyayensu ma ƙonawa suke yi. Wai ɗakin gwaji za su kai su yayyanka ta, in sun gama su watsa a wuta tare da shara. Na ce wallahi ba da naman Musulmi ba."

A garinmu ko yatsa injin casa ya datse wa mutum, sai an naɗe shi a ƙyalle an kai maƙabarta. Mabiyiyar jariri ma ba a yar da ita, haƙa ake yi a binne. Ta yaya zan yarda a ƙona wani yanki nawa tun ina duniya? Na ce ya taimake ni ya nemi maƙabartar Musulmi. Na kama hannunsa na sa masa albarka, har da hawaye. Da yamma ya dawo ya nuna mini hoto a wayarsa, ga ɗan rami, ga kwalba a ciki, ga wata koriyar ƙofa can baya, ya kuma tura mini hoton don hankalina ya kwanta. A duk abin da ya faru da ni, wannan albarkar da na sa masa ita ta fi ƙona mini rai.

Na dawo gida, 'yan dubiya suka cika zaure, kowa na ce masa an yi aiki, alhamdulillahi. Bayan 'yan makonni na koma wurin Dakta Auwal aka ɗebi jini. Akwai wani sinadari da suke aunawa, suna ce masa PSA. Ya yi mini bayani cewa wannan tsokar ce ke zuba shi cikin jini, idan an cire ta duka ya kamata ya ƙafe ƙaf, kamar kanal in an rufe ƙofar dam. Nawa bai ƙafe ba. Aka jira aka sake aunawa, sai ma ya ɗaga.

"Baba, ina sakamakon naman da aka cire?"

"Wane sakamako? Ai mun binne."

Ya cire tabarau ya ajiye, ya dafe kai. Sannan ya ɗago.

"Baba, in ka tumɓuke kirikiri a gona, me kake dubawa?"

Na ce saiwa. In ta fito da jelarta an gama, in ta tsinke saura na ƙasa.

"To shi ne. Jini ya gaya mana akwai saura, amma bai gaya mana ko wace iri ce ba. Naman nan shi za a duba gefe-gefensa a ga ko wuƙa ta bi ta tsakiyar cutar. Sannan yanzu har halinta ake aunawa a cikin naman, a san mai nawa ce ko mai gudu. In mai nawa ce, ƙila gashi da na'ura a wurin kaɗai ya isa. In mai gudu ce, sai an haɗa da allurai na dogon lokaci, su kuma alluran nan suna kashe ƙarfin namiji, su raunana ƙashi, su sa kasala. Ɗan guntun da na tsakura kafin ka tafi ba zai ba mu wannan amsa duka ba."

Na tambaye shi in babu naman fa. Ya ce sai a yi mini magani a makance, a zuba mini mafi tsanani, ko ina bukatarsa ko ba na bukata. Sannan ya ƙara da cewa idan kwalbar na nan a rufe da ruwan maganinta, ƙila a iya karanta wani abu a ciki.

Tun a harabar asibitin na kira Sabi'u. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Baba, ai sai tawakkali. Kwana in ya ƙare, ba kwalbar da za ta ƙara shi." Ya kashe waya. Daga ranar kirana bai sake shiga wayarsa ba. Ni ɗin da na binne iyayena da 'ya'yana biyu, yau ni ɗan Malam Tanimu zai koya wa tawakkali! A cikin wannan tsakanin kuma Alhaji Ɗanjuma ya kwanta, ciwo ya shiga ƙashinsa, muka kai shi makwancinsa a Madobi. A bakin kabarinsa na ƙudurta zan koma. Na fitar da shinkafar da na ɓoye na sayar, na ce wa ƙanena Haruna, tsohon malamin makaranta mai jin Turanci, ya shirya jaka.

A Addis Ababa jirginmu ya makara, muka yini a kan tayil mai sanyi. Haruna ya lulluɓa da bargo yana karkarwa, ni kuwa zufa nake, don abin da ke cikin ƙirjina ya ishe ni ɗumi. Ya yi ta lallashi.

"Yaya, mu je mu nemi lafiya mu dawo. Yaron nan ka bar shi da Allah."

Na ce na bar shi da Allah, amma ni ma zan ɗan taɓa kafin Allah ya karɓa. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Haruna ya girgiza kai ya ja bargonsa.

A Delhi muka kama ɗaki kusa da wani masallaci, nesa da unguwar Sabi'u, don kada ya ji ƙishin-ƙishin. Abin da muke da shi kaɗai hoton nan ne mai koriyar ƙofa. Sai muka shiga bin maƙabartu ɗaya bayan ɗaya. Wani mai keke ya gane baƙi ne, ya yi ta zagaya da mu unguwa guda, sai da na lura mun wuce wata ramammiyar saniya sau uku tana kwance a wuri ɗaya, na daka masa tsawa da Hausa, ya kuwa ji. Haruna da ke taƙama da Turanci a Kura, can sai ya koma magana da hannu. Abincinsu yaji ne zalla da wani busasshen burodi kamar faifai. Ina tuna lokacin dashen tumatir ne a gida, ƙasa ta jiƙe, injinan ban-ruwa suna ta kuka tun asuba, ni kuwa ga ni ina yawo cikin kaburburan baƙi da ƙafa a kumbure.

Limamin masallacin da muke salla ne ya cece mu. Ya karɓi wayar ya ƙura wa hoton ido, ya kira wasu dattawa suka yi ta musu da harshensu, daga ƙarshe ya rubuta wa mai keke sunan wata unguwa a bayan gari.

Koriyar ƙofar na nan yadda take a hoto. Mai gadin maƙabartar tsoho ne siriri, gemunsa ja jawur da lalle. Haruna ya nuna masa hoton ramin, da wani hoton Sabi'u da ke cikin wayata. Tsohon ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, sannan ya yafito mu. Muka bi shi har wata kusurwa a gindin katanga. Haruna ya yi ta bayani, rabi Turanci rabi ishara, yana nuna ni yana nuna ƙasa. Tsohon ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya yi bisimilla, ya ɗauko 'yar fartanya.

Bai yi nisa ba sai ga murfin kwalba. Na durƙusa ina hamdala. Kafin in kai hannu, fartanya ta sake ƙwanƙwasar wani abu. Wata kwalbar ce. A gefenta ga wata. Tsohon ya ajiye fartanya ya ci gaba da yatsu, yana fito da su yana jerawa a bakin rami, har suka wuce abin da yatsun hannu biyu za su ƙirga. Girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya, kowacce da tsokarta a ciki. Na ɗauki ta farko na juya, na goge ƙasar da hannun rigata. Babu takarda. Na ɗauki ta biyu, babu. Duk babu. Tsohon ya nuna hoton Sabi'u, sannan ya sa farcen babban yatsansa a jikin kwalba ya kwatanta ɓare takarda.

Na zauna daɓas a cikin ƙasar. Waɗannan duk dattawan wajenmu ne, na Kura da Bunkure da Madobi da Kadawa, waɗanda muke gaisawa a kasuwa kowa na cewa alhamdulillahi. Wata a ciki ta Alhaji Ɗanjuma ce, shi yana Madobi ita tana nan. Wata kuma tawa ce, ina kallon ta, tana ɗauke da amsar da na haye teku nema, amma ban san wacce ba ce. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Tsohon ya bar ni na yi mai isata. Ya ɗebo ruwa a buta ya wanke mini hannu da kansa, ya kawo shayi a ɗan kofin ƙasa. Ya dafa kaina ya ce, "Sabar." Wannan kam ban nemi tafinta ba, na san haƙuri yake ba ni. Haruna ya ɗauki hotuna, muka mayar da su ramin tare, muka rufe, muka yi addu'a. Na ga gemun tsohon ya jiƙe.

Daga nan sai asibitin gilashin nan da aka taɓa wucewa da ni ta gabansa. Ashe ba su da wani reshe, ba su ma san likitan da ya yanka ni ba. Aka haɗa mu da wata likita mai furfura, wadda aikinta duba nama ne. Ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ita dai in ta yi magana doguwa, Haruna ma doguwa yake fassara mini. Na tambaya ko ba za a gwada jinina da kwalaben a gane tawa ba. Ta ce naman da ya daɗe haka cikin ruwan maganin, ga zafin ƙasa, abin da ake aunawa a cikinsa ya lalace. Ta ce in aka yi kuskure, za a yi mini maganin cutar wani. Na tambaya me mutum zai ƙaru da shi don ya ɓoye naman dattawa. Ta ce ita ba ta ga aikin ba, ba za ta yi shaida a kai ba, amma naman shi ne mai faɗin ko an yi aiki da kyau ko an bar saura, kuma takardar jikin kwalba ita ke ɗauke da sunan wurin da aka yi.

Aka sa ni a na'urar ɗaukar hoto. Ga saura nan a daidai inda aka yi aikin. Ba a ga ta yaɗu ba, amma sun ce na'ura ba ta ganin ƙanana. Shawararsu ita ce ta Dakta Auwal: gashi da allurai, duka biyun. Ko da ma mai nawa ce, ko da gashin kaɗai zai ishe ni, ba wanda zai taɓa sani. Na miƙa hannu aka yi mini allurar farko.

Haruna ya ce mu kai ƙara. Muka gwada, muka yini a kan benci, aka ce ai ni da bakina na nemi a ba ni namana don addinina. Gaskiya ne kuwa, ni na nema. Na koma ɗaki na kwanta ina juya abin. Dukan Sabi'u dai ba zan iya ba, ƙarfin ya tafi. Sai na tambayi kaina, wai shin mene ne jarin Sabi'u? Ba Turanci ba ne, ba miyar daddawa ba ce. Jarinsa kunyarmu. Ya san dattijon Bahaushe zai gwammace ya mutu da ya buɗe baki ya faɗi abin da ya same shi a ƙasan cibiya. Kowa ya koma gida ya ce alhamdulillahi, na baya ya ji ya taho.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da na san ana zaman cin tuwo, muka hau matakalar benen. Ƙofa a buɗe. Sabi'u na tsugune yana zuba miya, ga sababbin baƙi a tabarma. A cikinsu har da Malam Iliya na Kadawa, wanda muka yi shekaru ba ma ga-maciji tun wata rigima a kan ranar ban-ruwa. Na yi sallama. Ludayi ya faɗi daga hannun Sabi'u, amma nan da nan ya murmure, don ɗan duniya ne.

"A'a, Baba! Saukar yaushe? Ka zo ba ka sanar da ɗanka ba? Bisimilla, mu shiga ciki mu gaisa."

Na ce nan ma ya isa. Na dubi dattawan na ce, "Me ya kawo ku ƙasar nan?"

Suka sunkuyar da kai. Wani ya ce ɗan ciwon ciki ne.

"Ni ma haka na ce a kan tabarmar nan. Ƙarya nake. Sankara ce a ƙasan mafitsara, irin taku."

Na ba su labari tun daga filin jirgi har gindin katanga. Haruna ya zagaya da waya suna kallon kwalaben a jere. Sabi'u na ta murmushi yana tafa hannu.

"Ku yi masa uzuri, iyayena. Alluran da ake masa suna taɓa ƙwaƙwalwa. Hoto kuwa wa ya san inda aka samo shi? Dubi yadda ya hawo bene da ƙafarsa, wannan ne aka ɓata wa aiki?"

Na ga idanunsu sun fara raba hanya, wasu suna kallon sa suna gyaɗa kai. Akwai abin da ban gaya muku ba tun farkon labarin nan, don ko Haruna da muke ɗaki ɗaya ɓoye masa nake yi, sai ya fita nake gyara kaina. Tun ranar da aka zare mini robar nan, fitsari bai sake tsayuwa a jikina ba. Likitar ta ce akan samu haka na ɗan lokaci ko a hannun gwani, amma nawa an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Na kama bakin babbar rigata na yaye har ƙirji, na kwance mazagin wando. Ga kunzugu irin na jarirai ɗaure a ƙugun dattijo mai jikoki, ya jiƙe sharkaf tun daga masallaci. Zarni ya danne ƙamshin daddawa.

Haruna ya juya fuska bango yana salati. Sabi'u ya matso da murya ƙasa-ƙasa.

"Haba Baba, ka rufa wa kanka asiri mana."

"Asirin nan da shi kake ci. Yau na fasa shi, sai ka nemi wata sana'ar."

Malam Iliya ne ya fara tashi. Ya zo gabana, bai kalli fuskata ba, ya kama rigar ya sauke mini ita a hankali, ya gyara mini wuyanta.

"Ya isa haka, Alhaji Ado. Mun gani." Sannan ya juya wurin Haruna. "Malam, wannan asibitin da kuka je, da nisa daga nan?"

Ba wanda ya sake taɓa tuwon. Kowa ya shiga ɗaki ya jawo jakarsa, Sabi'u na bin su ɗaya-ɗaya yana rantsuwa, daga baya ya koma zagi. Ina tsaye a bakin matakala har na ƙarshensu ya sauka. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun kafin in kwanta ciwo.

Na gama gashi na dawo gida. Ana yi mini allurai, ana auna jinin lokaci-lokaci, ya sauka, amma Dakta Auwal ya ce sai an daina alluran za a san gaskiyarsa. Gona na bar wa 'ya'ya, don ko buhun taki ba na iya ɗagawa. Aikina yanzu ɗaya ne. Duk ranar kasuwar Bunkure ina can, a rumfar masu shinkafa, ina ba da labarin nan da sunan komai, ga duk dattijon da zai tsaya. Wasu na cewa tsufa ya cire mini kunya, 'ya'yana mata sun yi kuka sun gaji. Amma tun daga lokacin ban ji wanda ya sake neman lambar Sabi'u a ƙasarmu ba.

Kwanan baya sai ga Malam Tanimu a zaurena, ya ɗauko liman da mai unguwa. Mutumin kirki ne, ya rame, ya ce ko mudunsa mutane sun daina yarda da shi. Liman ya yi wa'azi mai kyau a kan falalar yafiya, na saurara har ƙarshe. Malam Tanimu ya cire hula ya ajiye a gabana.

"Alhaji, don Allah don Annabi. Faɗi abin da kake so yaron nan ya yi, ko mene ne, ni zan sa shi."

Na ɗauki hular na mayar masa a kansa, don ba shi ya yi mini ba.

"Abu ɗaya ne, Malam, kuma ba shi da nauyi. Ya san wurin, shi ya jera su da hannunsa. Ya je ya nuna mini wacce ce tawa."